Yankan Tikiti Tun Da Wuri: Sauƙin Tafiya Ne Ko Dabaibayi Ga Matafiyi?

Duk wanda ya saba zuwa tashar Tanut idan Sallah ta ƙarato, ko kuma lokacin da 'yan makaranta suka samu hutu, ya san cewa matafiya iri biyu ake gani a wurin. Akwai wanda ya zo da 'yar jakarsa, takardarsa a aljihu, ya riga ya biya kuɗin kujera tun kwana biyu ko uku da suka wuce, abin da yake jira kawai shi ne ya ji ƙugin mota. Akwai kuma wadda ta sauko daga amalanke ko daga bayan a-kori-kura da buhun wake da ƙullin cuku, ga goyo a baya, ba ta ma san za ta yi tafiyar ba sai daren jiya, kuɗinta na ɗaure a bakin zane tana fatan Allah Ya sa a dace. Sau da yawa na farkon yakan wuce, ita kuwa ta wuni a gindin bishiya tana ƙirga motocin da suka gifta a cike.

Wannan al'amari ya sha tasowa a shirye-shiryen da muke gabatarwa a gidan rediyo, inda masu saurare kan bugo waya, wasu na yaba tsarin kama wuri tun da wuri, wasu kuwa na cewa ya raba mutane da 'yancin da suka gada na tashi a duk lokacin da suka ga dama. Ganin yadda muhawarar ke ƙara zafi ne ya sa muka ga ya dace mu duba ta da idon basira, musamman da yake 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu bin kasuwanni su ne abin ya fi shafa, ko dai a wajen neman abinci ko kuma a ɗan hutun da suke samu na ziyarar dangi da kallon bukukuwa.

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mai karatu ya tuna inda Allah Ya ajiye mu. Tanut tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas, tsakaninta da Damagaram kusan kilomita 150, tsakaninta da Agadas kuwa kimanin 300. Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011 bayan an cire ta daga Tanut, ba ta kan wannan hanya, saboda haka mutumin Tarka sai ya yi wata tafiyar kafin ya iso bakin kwalta. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa gundumar Tanut na da mutane sama da dubu 400, Belbeji kuma kusan dubu 100. Duk da wannan yawa, mu mutanen tsakiyar hanya ne. Manyan motocin kamfani ba daga wurinmu suke tasowa ba, ratsawa suke yi, kuma idan sun cika tun daga Damagaram ko Agadas, abin da zai rage wa ɗan Damargu shi ne kujerar wanda ya sauka a Bakin Birji ko Sabon Kafi ko nan Tanut, idan har an samu mai saukar.

A da, abin da kowa ya sani shi ne tasha: mutum ya zo, ɗan kamasho ya karɓi kayansa, a yi ciniki, a zauna sai mota ta cika. Daga baya motocin SNTV suka saba wa jama'a da tikiti da lokacin tashi, sannan kamfanoni masu zaman kansu irin su Rimbo da Azawad da STM da Al Izza suka shigo, har ta kai yau a manyan garuruwan Nijar mai doguwar tafiya yakan je ya yanki tikitinsa tun jiya ko shekaranjiya, a gaya masa ƙarfe nawa zai zo, galibi kafin asuba. Zuwan salula da gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana ya ƙara wa abin gudu, domin yanzu mutum na zaune a runfarsa zai tura wa ɗan'uwansa kuɗi a can gari ya kama masa wuri. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me wannan ya yi wa tafiyar da ba a shirya ba, wadda kusan ita ce rabin tafiye-tafiyen ɗan kasuwa?

Mai karatu na iya mamaki idan muka ce za mu nemo amsar daga Amurka, to amma a can ne aka fi daɗewa ana wannan gardama, kuma abin da suka gani zai iya zame mana darasi. Akwai wani kamfani mai suna Disney da ya gina manyan wuraren shaƙatawa, na farko a jihar Kalifoniya a 1955, na biyu a jihar Fulorida a 1971. Kowannensu tamkar gari ne guda da aka gina don wasa kawai: ga lilo iri-iri, ga ƙananan jiragen ƙasa masu hawa sama su gangaro a guje, ga kwale-kwale masu bi ta cikin koguna na gini. Magidanci kan shekara yana tara kuɗi, kamar yadda iyayenmu mata ke zubin adashi, don ya kai iyalinsa can hutu. Matsalar ita ce layi. A kan abin hawa guda na minti uku, mutum na iya tsayawa sa'a ɗaya ko biyu a rana.

A shekarar 1999 sai kamfanin ya ɓullo da wata dabara da ya kira FastPass. Mutum zai je bakin abin hawan ya karɓi 'yar takarda kyauta da ke ɗauke da lokacin da zai dawo, ya tafi yawonsa, idan lokacin ya yi ya shiga ta wata ƙofa ba tare da dogon jira ba. Jama'a sun yi na'am da wannan. Amma tsakanin 2013 da 2014, a wurin nan na Fulorida, sai aka mayar da abin kan intanet, aka ce kowa na iya zaɓar abubuwan hawa uku tun saura kwana 30 ya zo, wanda kuwa ya kama ɗaki a otal ɗin kamfanin an ba shi damar zaɓa tun saura kwana 60. Daga nan koke ya fara. Iyali da suka zo hutawa sai suka koma bin jadawali kamar ma'aikata. Yaro ya ga abin da ya ba shi sha'awa yana so a tsaya, uban na duba agogo yana cewa a yi sauri kada a rasa wurin da aka kama tun wata biyu baya. Wanda kuma ya yanke shawarar zuwa a makon nan, sai ya tarar an riga an kwashe duk wuraren da ake rububinsu.

Bayan annobar korona ta sa an rufe wuraren a watan Maris na 2020, sai kamfanin ya soke wancan tsari. A Oktoban 2021 ya kawo wani mai suna Genie+, wanda ya bambanta ta fuska biyu: na ɗaya, ba a kama wuri sai a ranar, daga ƙarfe bakwai na safe, na biyu, ya daina zama kyauta, sai an biya dalar Amurka 15 kan kowane mutum a kowace rana, wato sama da jaka takwas na sefa a canjin lokacin, kuma daga baya farashin ya riƙa hawa a ranakun cunkoso. Sai ga wani sabon koke: mutane suka ce sun zo hutu amma an hana su barcin safe, kuma sun wuni kai a sunkuye suna latsa waya. A watan Yulin 2024 aka sake sauya tsarin, aka dawo da kama wuri kafin ranar, amma aka taƙaita shi zuwa kwana bakwai ga masu kwana a otal ɗin kamfanin, kwana uku ga sauran jama'a, kuma har yanzu da kuɗi.

Abin lura a nan shi ne, a cikin shekara 25 wannan kamfani, da duk dukiyarsa da kwamfutocinsa, ya yi ta kai gwauro yana kai mari bai samu tsarin da ya gamsar da kowa ba. Dalili kuwa a fili yake: kama wuri ba ya ƙara kujera ko guda ɗaya. Mu ɗauka abin hawa na ɗaukar mutum ɗari a sa'a. Idan aka ware saba'in ga masu takarda, to talatin kacal suka rage wa masu bin layi, kuma layin da a da yake tafiya cikin sa'a ɗaya yanzu sai ya ci uku. Jiran bai ɓace ba, an dai sauke shi ne daga kan wani an ɗora wa wani. Wannan lissafi shi ne dai lissafin motar da ke ratsa Tanut. Idan mai kujera saba'in ce kuma an sayar da saba'in ɗin tun jiya, to komai sammakon mai cuku, ba ta da wuri.

Ba ma sai mun tsaya a Amurka ba. Alhazanmu da masu zuwa Umara sun ga irin wannan a Madina, domin tun bayan korona, shiga Rauda a Masallacin Manzon Allah (SAW) ya koma sai da izinin da ake nema ta waya, da farko ta manhajar Eatmarna a 2020, daga baya ta Nusuk. Turereniyar da ake yi a da ta ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma tsohuwar da ba ta iya latsa waya ba ta koma dogaro da jagora ko wani yaro mai tausayi. A maƙwabciyarmu Najeriya kuma, jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 ya yi fama da masu saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada, har hukuma ta koma sayarwa ta intanet a watan Janairun 2021, duk da haka koken fasinja bai ƙare ba. Ranar da jirgin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashin hanyarsa a Fabrairun 2021, ya zama abin hawan yau da kullum ga masu saro kaya, to mu ma wannan tambaya za ta iske mu har gida.

Adalci shi ne mu faɗi alherin tsarin kafin mu faɗi aibinsa, kuma alherin ba kaɗan ba ne. Ɗan kasuwar da ya san ƙarfe nawa zai tashi ya san ƙarfe nawa zai sauka, zai iya yi wa mai kaya alkawari a Damagaram ya kuma cika. Mace mai tafiya da yara ba ta buƙatar kwana a tasha cikin sanyin hunturu ko sauron damina tana gadin kaya. Kuɗin mota a rubuce yake, ba a sake ciniki a tsakiyar hanya, kuma wanda ya yanki tikiti kafin rububin Sallah ya tsira daga ƙarin da kan biyo bayan cunkoso. Kaya kan samu lamba da takarda, idan buhu ya ɓata akwai wurin da za a je a yi magana. Kujera ɗaya mutum ɗaya, ba a cusa mutum huɗu a wurin uku. Duk wanda ya taɓa yin tafiyar Agadas a saman lodin babbar mota, rana na dukansa ƙura na shiga idonsa, ba zai raina waɗannan abubuwa ba.

To amma rayuwar ɗan kasuwa ba ta bin agogo, a nan ne gizo ke saƙa. Mai sayar da raguna a kasuwar Belbeji ko ta Bakin Birji bai san ko cinikinsa zai faɗa da hantsi ko sai bayan la'asar ba. Mai gero da ta kai kaya ba ta san ko tiya za ta yi daraja yau ta sayar ta juyo, ko kuwa gara ta ajiye ta jira kasuwa mai zuwa ba. Wanda ya je karɓar bashi, ranar dawowarsa tana hannun wanda ake bi. Idan irin waɗannan mutane suka yanki tikitin dawowa tun kafin su tashi, sun ɗaure kansu ke nan: ko dai su karyar da kaya don kada mota ta tafi ta bar su, ko kuma su tsaya wa cinikinsu su yi asarar kuɗin mota. Kuma dillalin da ya gane cewa kana da motar da za ka kama, ya riga ya san har inda zai ja ka.

Akwai kuma batun jari. Kuɗin da aka biya na tafiyar jibi kuɗi ne da aka cire daga juyawa yau. Ga babban ɗan kasuwa wannan ba komai ba ne, amma ga mai tallan ƙuli-ƙuli ko mai 'yar tirede da jarinta bai wuce jaka goma ko ashirin ba, kwantar da kuɗin mota na kwana uku daidai yake da rufe rabin sana'a. Sannan fiye da rabin manyan mutane a ƙasar nan ba su yi karatun boko ba, kuma abin ya fi yawa a tsakanin mata, ga shi tikiti da sharuɗɗansa da Faransanci ake rubuta su. Mutum zai karɓi takarda bai san ko an yarda ya sauya rana ba, bai san ko za a mayar masa da wani abu idan ya fasa ba, sai ranar da abin ya faru ya ji ana karanta masa hukunci.

Idan muka juya ga tafiyar nishaɗi da zumunci, wadda ita ce ta fi kama da hutun Amurkawan nan, sai mu ga abin ya fi fitowa fili. Mu Hausawa da Buzaye da Fulani da Dagira na wannan yanki ba mu saba ziyara da agogo ba. Za ka je gaida gwaggo a Birni ka kalli hawan Sallah a ƙofar Sarkin Damagaram da niyyar kwana biyu, sai a ce ai jibi sunan 'yar wane, haram ka tafi. Sai ka ƙara kwana, kuma sau da yawa a wannan ƙarin kwanan ne ake ƙulla aure ko a sasanta 'yan'uwa ko a samu sabon abokin ciniki. Wanda ya je kallon kokawar Takobin Ƙasa, wadda aka fara tun 1975 a Tawa, ya san haka. Lokacin da aka yi ta a Agadas a ƙarshen 2023, inda Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi karo na shida, babu mai iya sanin ranar da sha'awarsa za ta ƙare, domin ya danganta ga ranar da aka kayar da gwaninsa. Haka mai zuwa Biyanu a Agadas ko taron makiyaya na Ingal. Tikitin dawowa da aka yanka tun daga gida shi ne ke tsayawa tsakanin mutum da amsa kiran nan na “ƙara kwana ɗaya mana”. An ce zumunta a ƙafa take, to ga shi an sa wa ƙafar dabaibayi.

Sai dai kuma kada son zuciya ya sa mu yi wa jiya ado da abin da ba ta da shi. Kakanninmu da suka bi wannan hanya da raƙuma ba su tashi don sun ga dama ba. Ayari na da lokacinsa, madugu ne ke cewa a ɗaura a kuma sauke, wanda ya makara kuwa sai baɗi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi da abokan tafiyarsa sun shafe watanni a ƙasar Abzin suna jira kafin su biyo ayarin gishiri su iso nan Damargu a watan Janairun 1851. Ita ma motar tasha da muke yabo, 'yancinta rabi ne: kana da ikon zuwa lokacin da ka so, amma ba ka da ikon tashi sai mutum na ƙarshe ya shigo, ko da kuwa za a kai azahar. Ashe ke nan tafiyar ganin dama ba ta taɓa zama kyauta ba. A da da lokaci ake biyanta, kuma lokaci abu ne da talaka da mai kuɗi duk suke da shi.

A fahimtarmu, wannan shi ne ainihin abin da ya sauya. Kama wuri tun da wuri bai kashe tafiyar ba-zata ba, ya dai mayar da ita hajar sayarwa. Mai hali har gobe yana tashi lokacin da ya so: idan ya rasa mota ya yi shata, idan ya fasa tafiya ya yafe kuɗin tikiti bai ji a jikinsa ba, idan wuri ya ƙare yana da wanda zai buga wa waya. A wuraren Disney ma haka ta kasance, domin a ƙarshen 2024 sun fito da wata takarda mai tsadar gaske, wadda a wasu ranaku ta haura dalar Amurka 400 kan mutum guda, mai ita ba ruwansa da zaɓar lokaci, duk sa'ar da ya ga dama ya shiga. Magabata sun riga sun faɗa tun zamanin da ake ciniki da wuri, cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Wanda aka bari a baya shi ne mai ƙaramin jari, mai ƙaramar waya, mazaunin tsakiyar hanya, wato dai akasarin mutanen Tanut da Belbeji.

Saboda haka ba mu cikin masu cewa a koma gidan jiya, kuma ba mu cikin masu cewa duk wanda bai shirya ba shi ya so. Abin da muke gani shi ne a gyara rabon. Da farko, kamfanonin sufuri su riƙa ware wasu kujeru da ba za a sayar ba sai ranar tafiya, wasu kuma a keɓe su ga garuruwan tsakiyar hanya irin namu, ko da biyar ne a kowace mota. Mutuwa ba ta sallama, haihuwa ba ta jiran tikiti, kuma marar lafiyar da aka ce a wuce da shi babban asibitin Damagaram ba zai jira jibi ba. Kamfanin da ya yi haka ba zai yi asara ba, domin a lokacin cunkoso kujera ba ta tafiya babu kowa, a lokacin da babu cunkoso kuwa dama akwai wuri.

Na biyu, a ba mai tikiti damar ɗaga ranarsa sau ɗaya ba tare da ya yi asarar kuɗinsa duka ba, muddin ya sanar da wuri, ko da za a cire wani ɗan abu. Na uku, a riƙa bayyana sharuɗɗan da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a faɗa da baki a wurin yankan tikiti, a kuma sanar a gidajen rediyo, mu kuwa a shirye muke mu isar. Na huɗu, a tabbatar sunan da ke kan tikiti shi ne na mai tafiya, don kada wasu su kwashe wurare gab da Sallah su dawo suna sayarwa a bayan katanga, kamar yadda aka gani a wasu ƙasashe. Hukumomin gunduma da magadan gari da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa duk suna da bakin magana a nan, kuma zama ɗaya kafin kowace Sallah zai iya rage wa jama'a wahala mai yawa.

Haka nan kada a yi wasa da motocin tasha. Hiyas da a-kori-kura da sauran motocin kasuwa su ne ƙofar da ta rage a buɗe ga wanda tafiya ta kama ba shiri, su ne kuma ke shiga Gangara da Tarka da ƙauyukan da babbar mota ba ta san da zamansu ba. Idan aka bar su suka durƙushe saboda tsadar kayan gyara da lalacewar hanya, to ranar nan ce za mu san cewa an ɗaure mu da gaske. Abin da suke buƙata shi ne a kula da lafiyarsu, a hana lodin da ya wuce kima, a kuma gyara hanyoyin da ke haɗa kasuwanninmu da kwalta.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa da iyayenmu mata, ga 'yar shawara. Tafiyar da ranarta ta tabbata, kamar ɗaurin aure ko komawar yara makaranta ko alkawarin karɓar kaya, a yanki tikitinta da wuri, domin da sanyin safiya ake kama fara. Tafiyar da ƙarshenta ke hannun kasuwa kuwa, a yanki na zuwa a bar na dawowa, amma da an sauka a fara tambayar yadda wuri yake, kada a bari sai daren tashi. Kafin a miƙa kuɗi a yi tambaya uku: idan na makara fa, idan na ɗaga rana fa, idan na fasa fa? A sa yaro mai karatu ya duba rana da lokacin da aka rubuta tun ana gaban mai sayarwa. Masu bin kasuwa ɗaya a kowane mako kuma, idan kun kai goma ko goma sha biyar, ku haɗa kai ku yi magana da direba guda, ku ne za ku yanka masa lokacin tashi da na dawowa, maimakon a yanka muku.

Sallah na zuwa kowace shekara, hutun 'yan makaranta ma haka, kuma matafiyan nan biyu za su sake haɗuwa a tashar Tanut. Fatanmu shi ne idan motar ta tsaya, mai takarda ya hau kujerarsa da ya biya, ita ma mai cuku a ce mata ga wuri nan an ajiye saboda irinki. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya, Ya sa albarka a cikin nema.